Daga Jezero Zuwa Zagami: Ashe Muna da Rabo a Duniyar Mars

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ƙarfe 9:55 na daren Alhamis, 18 ga Fabrairu, 2021, muna cunkushe a teburin wani mai shayi a Jabiri, cikin garin Funtuwa, mun zuba wa 'yar kwamfutar ƙanena ido, sai ga muryar wata mata daga birnin Pasadena na Amurka tana shelar cewa an tabbatar, motar ta sauka lafiya a duniyar Mars. Ɗakin da take ciki ya ɓarke da ihu. Mu ma muka ɓarke da kabbara, har mai shayi ya bar ruwan zafi yana malala a gefen kofi.

Ƙanena ne ya jawo ni. Kimiyya yake karantawa, kuma tun farkon makon ya hana ni sakat: "Yaya, daren Alhamis ɗin nan kada ka yi nisa, akwai abin da za ka gani." Ranar babu wuta a unguwa. Sanyin ƙarshen hunturu bai gama sakin gari ba, kowa ya rufe kunne da hula ko rawani. Gidan kallon da ke jikin mai shayin ya tayar da janareta saboda wasan Arsenal da Benfica, sai muka roƙi mai gidan ya bar mu mu ja waya guda. Ƙanena ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa, ya buɗe YouTube, ga hukumar NASA ta fara watsa shirin kai tsaye. Da farko daga ni sai shi sai mai shayi, sai wani dattijo da muke kira Baba, wanda ya yi ƙuruciyarsa a awon auduga.

Abin da allon ke nunawa ɗaki ne mai jerin kwamfutoci a cibiyar JPL ta NASA, maza da mata sanye da takunkumin korona, kowa ya ƙura wa lambobi ido. Motar da suke jira sunanta Perseverance. Taya shida gare ta, nauyinta kilo 1,025, babu direba a ciki, ita za ta sarrafa kanta wajen sauka. An harba ta daga Cape Canaveral a jihar Florida ranar 30 ga Yuli, 2020, ta yi kusan wata bakwai tana tafiya, ta cinye kilomita kusan miliyan 470. Inda aka nufa da ita wani ƙaton kwari ne mai suna Jezero, faɗinsa kilomita 45, wanda masana suka ce tafki ne shekaru sama da biliyan uku da rabi da suka wuce, har da kogin da ke kwarara cikinsa yana tara laka a bakin shiga. A cikin wannan tsohuwar lakar da ta zama dutse ake son duba ko an taɓa yin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani.

Sai ƙanena ya faɗi maganar da ta sa Baba ya ajiye kofinsa.

"Baba, duk saƙon da motar nan ta aiko sai ya yi minti 11 da daƙiƙa 22 a hanya kafin ya iso duniya. Saukar kuwa gaba ɗaya minti bakwai ce."

"Tsaya, yaro. Kana nufin lokacin da mutanen nan za su ji an fara, ita ta riga ta gama?"

"Ƙwarai kuwa, Baba. Ko ta sauka, ko ta tarwatse."

"To su da ke zaune me suke yi?"

"Jira suke. Babu mai iya taɓa komai."

Baba ya girgiza kai. "Ikon Allah. Ashe su ma tawakkali suke."

Daga nan babu wanda ya ƙara kurɓar shayi. Kuma ga yadda Allah ya tsara abin: daidai lokacin da aka tafi hutun rabin lokaci a gidan kallo, babu ci, samari suka fito shan iska, a lokacin ne kumbon da ke ɗauke da motar ya tsunduma cikin iskar Mars. Suka ga mun duƙufa, suka matso, kafin ka ce kwabo an yi mana zobe, na baya yana ɗage bisa kafaɗar na gaba.

Matar da ke ba da bayani, Swati Mohan, haifaffiyar Indiya ce da aka kai Amurka tana jaririya, ita ce ke jagorantar sashen da ke kula da saiti da juyin kumbon a hanya. Muryarta ba ta rawa ko kaɗan, tamu zuciyar ce ke dukan uku-uku. Tana faɗa, ƙanena yana fassarawa, bakinsa har harɗewa yake. Kumbon ya shiga iska da gudun kilomita 19,500 a awa guda. Garkuwar da ke gabansa ta ɗauki zafi har kimanin digiri 1,300 a ma'aunin Salshiyos. Matsalar Mars ita ce iskarta siririya ce, ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba: ta isa ta gasa abin da ya shigo da gudu, amma ba ta isa ta tsayar da shi ba. Bayan kamar minti huɗu aka ce laima ta buɗe! Ɗakin ya yi tafi, mu ma muka yi. Laima ce mai faɗin mita 21 da rabi, kuma ta buɗe ne kumbon yana gudun da ya zarce na sauti. Aka yar da garkuwar zafi. Na'urar rada ta hango ƙasa. Kyamarar da ke ƙarƙashi ta fara ɗaukar hoton filin tana gwada shi da taswirar da aka loda mata tun daga duniya, tana zaɓen inda babu manyan duwatsu da ramuka, ita kaɗai, cikin daƙiƙoƙi, abin da ba a taɓa yi ba a wata sauka da ta gabata a Mars. Saura kilomita biyu, motar ta saki laimar, ta yi ƙasa, injinan roka takwas suka kama suka tallafe ta. Saura mita ashirin, sai injin da ke ɗauke da ita ya tsaya a iska ya fara zuro ta ƙasa da igiyoyi.

"Da igiya?" in ji Baba. "Kamar ana zura guga a rijiya?"

"Haka fa, Baba!"

Tayoyi suka taɓa ƙasa, aka datse igiyoyin, injin ya yi gefe ya je ya faɗi can nesa don kada ya danne ta. Shi ne Swati Mohan ta yi shelar nan, shi ne muka yi kabbarar nan. Wani yaro da bai san sunan motar ba minti goma da suka wuce ya rungume ƙanena yana tsalle.

Ba a yi minti biyar ba hoto ya iso, ta hanyar wani kumbo da ke zagaya Mars tun 2006. Hoto ne baƙi da fari, dishi-dishi, gefensa a zagaye domin ba a ma cire murfin kyamarar ba. Ga ƙasa shimfiɗe, ga 'yan duwatsu a warwatse, ga inuwar motar ta kwanta a gabanta. Inuwar nan ce ta fi tsaya mini a rai. Rana ɗaya ce, wadda ta faɗi mana a Funtuwa ɗazu da magariba, ita ce ke haska wani abu da hannun ɗan Adam ya ƙera a wata ƙasa mai nisan kilomita sama da miliyan 200. Tsigar jikina ta tashi.

Ƙanena ya ce kowa ya ɗaga kai ya dubi yamma. Watan Rajab ne, bai kai rabi ba, yana rataye cikin hazo, kuma a kusa da shi akwai wani ɗigo ja-ja da ba ya ƙyaftawa. Wani ya ce Zara ce. Ƙanena ya ce a'a, Zara fara ce tas, wannan ita ce Mars ɗin, can ga Kaza da 'Ya'yanta a samanta. Muka tsaya baki buɗe, muna duban sama muna duban allo. Baba ya ce shi a rediyo ya ji labarin saukar mutum a kan wata a 1969, lokacin da rabin gari ke cewa ƙaryar Turawa ce, har Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a garin nan, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. "Yau ga shi na gani da idona," in ji shi.

Kafin a koma wasa wani saurayi mai rigar Arsenal ya tambayi ƙanena, "Malam, nawa aka kashe a abin nan?" Aka ce masa kimanin dala biliyan 2.7. Ya yi tsaki. "Mu da ko gona ba ma iya zuwa, ina ruwanmu da Mars?"

Ba na raina tambayarsa, domin ciwo ne ya yi magana. Wata biyu kafin wannan dare, ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, nan kusa da mu. Ana gobe motar za ta sauka, ranar 17 ga Fabrairu, aka sake kwashe wasu a Kagara ta jihar Neja. Ku lura, makarantun nan biyu duka na kimiyya ne. Yaran da ya kamata watarana su zauna a irin ɗakin da muka gani a allo, su ne ake kora daga aji da bakin bindiga. Da wannan nauyin na koma gida, ga murna ga takaici.

Barci ya ƙi zuwa. Na ɗauki waya na shiga karanta duk abin da na samu game da motar, sai na ci karo da wani abin mamaki: a jikinta an maƙala guntun wani dutse da aka tsinta a hamadar Oman a 1999, don ɗaya daga cikin na'urorinta ta riƙa gwada sahihancin awonta da shi. Dalili kuwa, dutsen asalinsa daga Mars ya faɗo. Na ce, to, ashe akwai duwatsun Mars a duniyarmu? Akwai, 'yan ɗaruruwa, galibi tsinto su aka yi a Sahara da ƙanƙarar Antatika bayan sun daɗe a yashe. Waɗanda mutane suka shaida faɗowarsu da idonsu kuwa guda biyar ne kacal a tarihi. Na bi jerin da yatsa. Chassigny a Faransa, 1815. Shergotty a Indiya, 1865. Nakhla a Masar, 1911. Tissint a Maroko, 2011. Tsakanin na Masar da na Maroko kuma aka rubuta: Zagami, Lardin Katsina, Nijeriya, 1962.

Na tashi zaune. Na sake karantawa. Zagami! Zagamin ƙasar Faskari, nan bayanmu, a shiyyar da mutanenta ke cin kasuwa da mu, waɗanda muke haɗuwa da su a tasha da asibiti da gidan biki! Cikin dare na je na buga wa ƙanena ƙofa.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Laraba, 3 ga Oktoba, 1962, kwana biyu bayan bikin cikar Nijeriya shekara biyu da samun 'yanci, Sardauna yana Firimiyan Arewa, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da dutsen Zagami yana tsaron amfaninsa, kaka ta gabato. Sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, hayaƙi ya tashi, wani abu ya daki ƙasa tim, bai fi mita uku daga inda yake tsaye ba. Da aka duba sai ga rami mai zurfin kamar ƙafa biyu, a cikinsa dutse mai baƙar fata, nauyinsa kimanin kilo 18. Ku auna wannan bawan Allah. Da dutsen ya goce taku kaɗan, da wani labarin ake yi. Aka ɗauki dutsen aka kai ofishin binciken ƙasa da ma'adinai da ke Kaduna, aka ajiye shi a wurin adana kayan tarihi.

A lokacin babu wanda ya san daga ina ya fito, har su masanan. Sai da kumbunan Viking biyu suka sauka a Mars a 1976 suka auna irin iskar da ke can, aka samu abin gwaji. A 1995 masana suka binciki wasu 'yan ƙwayoyin gilashi da ke cikin dutsen Zagami, waɗanda suka samu lokacin da wani mugun bugu ya narkar da sassansa, suka tarar da iska a kulle a ciki. Da suka auna ta, sai ta dace da iskar da Viking ya auna. Tarihin dutsen kuwa ya fi ƙarfin lissafin kai. Narkakken dutse ne na aman wuta da ya daskare a Mars shekaru kimanin miliyan 180 da suka wuce. Kimanin shekaru miliyan uku baya wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya daki Mars da ƙarfin da ya cillo gutsattsarinta waje, har suka kuɓuce mata. Wannan guntun ya yi ta zagaya rana tun kafin a san wani gari a ƙasar Hausa, ya wuce teku, ya wuce hamada, ya wuce duk manyan biranen duniya, ya zo ya sauka a gonar Bakatsine.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A 1996, masanan Jami'ar Jihar Arizona da suka ƙera wata na'ura don kumbon Mars Global Surveyor suka maƙala ɗan mitsitsin dutsen Zagami a jikinta. Aka harba kumbon a Nuwamba na shekarar, ya isa Mars a Satumban 1997, ya yi aiki har 2006 kafin ya daina magana da duniya, kuma an bar shi can yana zagaya ta. Ke nan, shekaru ashirin da uku kafin motar da muka kalla ta sauka, wani abu da ya kwana a ƙasar Faskari ya riga ta isa can. NASA ta kashe dala biliyoyi ta aika mota da bututu 43 don ta tara duwatsun Mars, da fatan watarana a ɗauko su zuwa duniya, kuma har yau ba a ɗauko ko ɗaya ba. Mu namu kilo 18 Allah ya aiko mana har gona, kyauta.

To ina dutsen yake? Wani sashe ya rage a gida, amma babban kaso ya fita ƙasar a ƙarshen shekarun 1980 ta hannun wani dillalin duwatsun sama Ba'amurke. Aka yanka shi falle-falle. Yau gutsattsarinsa suna jami'o'i da gidajen tarihi na ƙasashe daban-daban, wasu kuma a hannun masu kuɗi, ana sayar da su da awon giram. Ɗaliban ilimin duwatsu a Turai da Amurka da Japan sun san sunan Zagami sarai, an rubuta bincike iri-iri a kansa. Ni kuwa a nan na yi firamare da sakandare, aka koya mini sunayen duniyoyin da ke zagaya rana na haddace, ban taɓa jin malami ya ambaci Zagami ba. Washegari na tambayi mutanen teburin shayi, babu wanda ya taɓa ji, har Baba.

Shekara sittin da ɗaya babu wani dutsen Mars guda da aka samu da ya kai na Zagami nauyi. Wanda ya zo ya doke shi ma a maƙwabta aka tsince shi, a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, a Nuwamban 2023, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya. Shi ma bai zauna a gida ba. A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda aka yi ya fita. Manyan duwatsun Mars biyu da aka sani, ɗaya a Katsina, ɗaya a Agadas, duk inda ake jin Hausa, na Agadas ya tafi ɗungurungum, na Katsina kuma babban kasonsa ya tafi.

Ita kuwa motar tana can tana aiki. Ɗan jirgi mai saukar ungulu da ta goya, Ingenuity, mai nauyin kilo 1.8, ya tashi ranar 19 ga Afrilu, 2021, ya yi tashi 72 kafin fiffikensa ya karye a Janairun 2024. A Satumban 2025 NASA ta sanar cewa wani dutse da motar ta haƙa yana ɗauke da alamun da ƙila tsofaffin halittu ne suka bar su, amma masanan da kansu sun ce ba a tabbatar ba, sai an kawo shi ɗakin gwaji a duniya.

Ga amsata ga saurayin mai rigar Arsenal, in wannan rubutu ya same shi. Ɗan'uwa, ruwanmu da Mars ya girmi na yawancin ƙasashen da ke tinƙaho da ita yau. A watan da muka yi kallon nan, kumbon Al-Amal na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya isa Mars ranar 9 ga Fabrairu, alhali ranar da dutse ya faɗo a Zagami ba a ma kafa wannan ƙasar ba, sai a 1971. Su yaransu suka tura karatu, suka tsare su har suka gama. Na ga yadda idon samarin Jabiri ya yi a cikin mintunan nan bakwai, samarin da ake cewa ba su san komai ba sai ƙwallo. Tambayoyin da suka yi ta jefo wa ƙanena, me ya sa iskar ba ta da kauri, da wane mai motar ke tafiya, wa ke gyara ta in ta lalace, tambayoyin masu ƙwaƙwalwa ne. Tsaro da aji da malami suke nema, kuma haƙƙinsu ne.

Yaron da ke da shekara goma a 1962 yau ya haura saba'in. A ƙauyukan Faskari, da cikin waɗanda rashin tsaro ya koro zuwa Funtuwa, da wuya a rasa dattijon da ya ji ƙarar nan, ko ya ga ramin, ko ya san gonar wa ce. Rubuce-rubucen da na karanta "wani manomi" kawai suke ce masa. Mutum ne mai suna, mai dangi, kuma ya cancanci a rubuta sunansa. Ɗaliban tarihi da na ilimin ƙasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsinma da ta Ahmadu Bello a Zariya, ku ɗauki waya ku je ku naɗi muryar dattawan nan tun suna raye. Gwamnatin Jihar Katsina da masu hannu da shuni na yankinmu, ku nemo mana ko da ɗan falle guda na dutsen nan, a ajiye shi a gidan tarihi na Katsina, a riƙa zagayawa da shi makarantun Funtuwa da Faskari da Malumfashi da Ƙanƙara yara su gan shi. Ku kuma malaman firamare da sakandare, ba sai kun jira kowa ba: ranar da za ku koyar da duniyoyin da ke zagaya rana, in kun zo kan Mars, ku rubuta a allo, Zagami, 3 ga Oktoba, 1962.